Yadda Ake Saka "Shiga da Google ko Facebook" da Maɓallin Sharin a Manhajar Waya

Tunda na nuna wa mutane 'yar manhajar da na haɗa wa wani mai sayar da shadda da atamfa, tambaya biyu ce take ta dawowa. Wai malam ya aka yi mutum yake danna maɓalli ɗaya kawai ya shiga da Google ɗinsa ba sai ya cike fom ba, sannan ya aka yi kaya suke tafiya sitatus ɗin WhatsApp kai tsaye daga cikin manhajar? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, to ga shi nan gaba ɗaya.

Abu biyu nake so ka riƙe tun yanzu ɗan'uwa. Na farko kod ɗin da za ka rubuta ɗan kaɗan ne, duk wahalar tana wajen rajista da makullai, kuma in ka yi su ba bisa tsari ba sai ka kwana uku kana neman matsala a kod alhali kod ɗinka lafiyarsa lau. Na biyu shiga daban sharin daban, babu abin da ya haɗa su, ba sai mutum ya shiga da Facebook ba kafin ya tura abu Facebook. Zan yi bayanin da Android da Firebase, wato dandalin Google da yake kula maka da asusun masu shiga, saboda su na fi amfani da su, amma mai Flutter ko React Native ma hanyar ɗaya ce, sunan fakitin ne kawai yake canzawa.

1. Kayan aiki da kuɗin da za ka kashe

Kana buƙatar Android Studio, asusun Google, asusun Facebook na gaske mai sunanka, da waya ta gaske wacce take da Play Store a ciki. Sannan shafi ɗaya a intanet inda ka rubuta wane bayani kake karɓa daga mutane da yadda za su goge shi, wannan kar ka bari sai ƙarshe don Facebook da Play Store duk za su tambaye ka linkinsa, a Firebase Hosting ma za ka iya ɗora shi kyauta.

Shiga da Google da Facebook da Apple ta Firebase ba ka biyan komai a matakin farawa. Shiga da lambar waya ne ake biya, kowane saƙon lamba da kuɗinsa, shi ya sa ban saka shi a nan ba. Asusun Play Console, inda ake ɗora manhaja a Play Store, dala 25 ne sau ɗaya shikenan. Na Apple dala 99 duk shekara, kuma sai da kwamfutar Mac. Rajistar Facebook kyauta ce. Ka tabbatar katinka yana biyan dala tun kafin ka yi wa mai aiki alkawarin rana, da yawa a nan suke maƙalewa.

2. Tsayar da sunan fakiti

Sunan nan mai kama da com.sunanka.kasuwa da yake cikin build.gradle a layin applicationId, shi ne Google da Facebook za su san manhajarka da shi. Ka tsayar da shi yau. In ka bar shi com.example Play Store ba za ta karɓa ba, in kuma ka canza shi daga baya duk rajistar da ka yi a ƙasa sai ka sake ta daga farko.

3. Makullan SHA-1, inda kowa yake faɗuwa

Nan zan daɗe don nan ne kusan duk kukan yake fitowa. Duk manhajar Android ana sa mata hannu da makulli, kuma Google ba za ta bar mutum ya shiga ba sai ta ga sunan fakiti da tambarin makullin sun yi daidai da waɗanda ka yi rajista da su. Tambarin nan shi ne SHA-1. Matsalar ita ce ba ɗaya ba ne, uku ne.

Na farko na gwaji, wanda Android Studio take sa wa da kanta in ka jona waya ka danna Run. Ka buɗe Terminal a cikin furojet ka rubuta ./gradlew signingReport zai fito maka da shi. Kowace kwamfuta da nata, wato in ku biyu kuke aikin ko ka canza laftof sai an ƙara na sabuwar.

Na biyu na fayil ɗin keystore da ka ƙirƙira da kanka don ɗora manhaja. Shi kana fitar da shi da keytool -list -v -keystore sai sunan fayil ɗin. Ka ajiye wannan fayil da fasuwad ɗinsa a wuri biyu, ba a laftof kaɗai ba.

Na uku shi ne wanda mutane ba su san da shi ba. In ka ɗora manhaja Play Store, Google tana sake sa mata hannu da wani makulli nata kafin ta raba wa jama'a. Za ka same shi a Play Console a sashen App signing, ƙarƙashin App integrity. Ni da kaina na taɓa mantawa da shi, a wayata komai yana aiki sumul, muka saki manhaja da daddare na kwanta ina murna, da asuba mai shago ya kira ni wai duk wanda ya sauke in ya zaɓi imel ɗinsa sai allon ya ɗan yi duhu ya dawo kamar ba a taɓa komai ba. Laifina ne, layi ɗaya ne ban kwafa ba.

Gargaɗi: duk sanda ka ga ApiException 10 ko DEVELOPER_ERROR, ko mutum ya zaɓi asusu abin ya rufe shiru, kar ka taɓa kod tukuna, je ka duba SHA-1 da sunan fakiti.

4. Firebase da shiga da Google

Bi wannan tsarin yadda yake, kar ka tsallake. Ka buɗe furojet a Firebase console, ka ƙara manhajar Android da sunan fakitinka, ka zuba duka SHA-1 ukun a Project settings, ka shiga Authentication ka kunna Google a Sign-in method, sai bayan nan ka sauke google-services.json ka saka shi a foldar app. In ka riga ka sauke shi kafin ka kunna Google to tsoho ne, babu lambar da ake buƙata a ciki, sake sauke shi.

A kod, ka yi amfani da Credential Manager. Yawancin bidiyon da za ka gani a YouTube da GoogleSignInClient suke koyarwa, Google ta riga ta ajiye wannan tsarin, kar ka fara sabon aiki da shi. Yadda abin yake tafiya, kana haɗa GetGoogleIdOption, ka kira getCredential, wayar ta nuno jerin asusun mutum daga ƙasa, ya zaɓa, ka karɓi ID token, wato shaidar da Google ta bayar cewa shi ne, ka miƙa shi ga GoogleAuthProvider.getCredential sannan signInWithCredential. Shikenan mutum ya shiga.

Kuskure biyu a nan. A setServerClientId lambar Web client ake sakawa ba ta Android ba, na san abin da ban haushi tunda manhajar Android kake yi, amma haka yake, kuma Firebase ta riga ta ajiye maka ita da sunan default_web_client_id. Sai kuma setFilterByAuthorizedAccounts, in ka bar shi true sabon mutum da bai taɓa shiga ba ba zai ga ko asusu ɗaya ba, sai NoCredentialException ya fito. Ka kama wannan ka sake kira da false.

Kar ka yi dabarar buɗe shafin shiga na Google a WebView cikin manhajarka. An toshe wannan tuntuni, disallowed_useragent kawai za ka gani.

5. Facebook

Gaskiya ta fi Google wahala, amma a wajenmu akwai mutane da yawa da ba su san fasuwad ɗin imel ɗinsu ba, a shagon waya aka buɗe musu, Facebook kuwa kullum suna ciki. Ka duba mutanen da kake yi wa manhajar ka yanke ko ta cancanci wahalar.

Ka je developers.facebook.com ka ƙirƙiri app, ka zaɓi Facebook Login. Za a ba ka abu uku, App ID da Client Token da App Secret. Biyun farko suna shiga strings.xml da AndroidManifest. App Secret kuwa a Firebase console kaɗai ake manna shi lokacin da kake kunna Facebook, kar ya taɓa shiga cikin manhaja ko GitHub, don warware APK a karanta abin da yake ciki ba wani aiki ba ne. Firebase za ta nuna maka wani linki mai ƙarewa da /__/auth/handler, kwafe shi ka kai shi Valid OAuth Redirect URIs a Facebook.

Sai makullai kuma, ba ka tsira ba. Facebook ba ta karɓar SHA-1 yadda yake, tana son a juya shi zuwa base64, harafi 28 mai ƙarewa da alamar =, shi suke kira key hash. Duka ukun nan na mataki na 3 za ka juya ka zuba. In ka ga saƙon Invalid key hash, sau da yawa a cikin saƙon ma akwai wanda take nema, sai dai ka kula wajen kwafa da ido, ƙaramar l da babbar I da lamba 1 kamarsu ɗaya, gara ka ciro shi daga Logcat, allon da Android Studio take nuno saƙonnin manhaja.

Izini biyu kawai ka nema, public_profile da email. Duk abin da ya wuce nan sai ka bi layin App Review da bidiyo da bayani, kuma mai sayen atamfa ba ka da abin yi da jerin abokansa.

Gargaɗi na farko, muddin app ɗinka yana Development mode kai da waɗanda ka ƙara a Roles ne kaɗai za ku iya shiga, sai ka saka linkin dokar sirri da na goge bayani, wato shafin nan na mataki na 1, ka mayar da shi Live kafin jama'a su iya. Na biyu, kuma wannan ya shafe mu sosai, kar ka ɗauka imel zai zo. Mutanenmu da yawa da lambar waya suka buɗe Facebook, imel ɗin zai dawo babu komai, in kod ɗinka ya dogara da shi manhaja za ta mutu a hannunsu.

6. In za ka je iPhone

Fayil ɗinka a nan GoogleService-Info.plist ne, kuma sai ka ƙara REVERSED_CLIENT_ID a URL Types cikin Xcode, in ba haka ba mutum zai tafi burauza ya kasa dawowa. Dokar App Store mai lamba 4.8 ta ce in ka saka shiga da Google ko Facebook dole ka ƙara wata hanyar da take barin mutum ya ɓoye imel ɗinsa, mafi sauƙi ka saka Sign in with Apple ka huta. Abin lura, Apple sau ɗaya tak take ba ka sunan mutum, a shigarsa ta farko, in ba ka adana a lokacin ba ya wuce. Imel ɗin ma yana iya zuwa mai ƙarewa da privaterelay.appleid.com, ba matsala ba ce, na ɓoyewa ne.

7. Mutum ɗaya, asusu biyu

Yau Hajiya ta shiga da Google ta yi oda, bayan wata biyu ta manta ta danna Facebook. In imel ɗaya ne Firebase za ta ba ka kuskuren account-exists-with-different-credential, kar ka nuna mata wannan turancin, ka ce mata da Google kika shiga a baya, ta shiga da shi sai ka haɗa biyun da linkWithCredential. In kuma Facebook ɗin babu imel to sabon asusu za a buɗe mata fanko, ta kira mai shago tana faɗa odarta ta ɓace. Maganin da na samu mai sauƙi shi ne in adana hanyar da mutum ya bi ta ƙarshe a wayar, in ɗan rubuta "da wannan ka shiga" a kan maɓallin.

Duk bayanan mutum ka ɗaure su da uid, lambar da Firebase take ba kowane asusu, ba da imel ko suna ba. In kana da sabar taka, ID token za ka tura mata ta tantance da Admin SDK, kar ta yarda da uid tsirara da waya ta aiko, kowa zai iya rubuta na wani.

Fita ma aiki ne. FirebaseAuth signOut kaɗai bai isa ba, ka haɗa da clearCredentialState da LoginManager logOut na Facebook, a gidajenmu waya ɗaya mutum uku suke taɓawa. Sannan maɓallin goge asusu, Apple ta wajabta shi tun Yunin 2022, Play Store ma tana nema har da linkin da mutum zai goge ba tare da manhajar ba. A Najeriya kuma dokar kare bayanai ta 2023 tana kanka.

Ni dai ba na barin manhaja da ƙofa ɗaya. A 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke kusan awa shida, Twitter kuma an rufe ta a Najeriya daga Yunin 2021 har Janairun 2022. Ka bar imel da fasuwad a ƙasa ko da ƙaramin rubutu ne, zai kuma yi wa masu sabbin wayoyin Huawei amfani tunda ba su da Google Play Services.

8. Sharin

Nan ne da yawa suke ɓata sati suna neman yadda manhaja za ta yi wa mutum fostin a Facebook da kanta. Babu. An cire izinin publish_actions tun 2018 bayan rikicin Cambridge Analytica, duk koyarwar da ka ga tana maganarsa ta tsufa. Abin da ya rage kuma ya fi sauƙi shi ne ka miƙa wa wayar abin, ita ta nuna wa mutum jerin manhajojinsa ya zaɓa. Babu rajista, babu makulli, babu SDK.

A Android Intent.ACTION_SEND ne. Rubutu kawai, type ya zama text/plain ka saka shi a EXTRA_TEXT ka naɗe da Intent.createChooser. Hoto kuma sai ka fara ajiye shi a cache, ka fitar da adireshinsa ta FileProvider, ka saka a EXTRA_STREAM, ka ƙara FLAG_GRANT_READ_URI_PERMISSION. In ka tura adireshi mai file:// daga Android 7 zuwa sama manhaja za ta faɗi da FileUriExposedException, in kuma ka manta tutar izinin sai WhatsApp ya buɗe babu hoto. A iPhone UIActivityViewController ne, a Flutter share_plus, kuma a iPad dole ka nuna masa daga inda akwatin zai ɓullo in ba haka ba ya faɗi.

Sitatus ɗin WhatsApp da kowa yake tambaya, in mutum ya zaɓi WhatsApp a jerin zai ga My status a sama ya danna da kansa, iyakar abin kenan, kai ba za ka ɗora masa a ɓoye ba kuma gara haka. In kana son maɓalli mai tambarin WhatsApp da zai tsallake jerin sai ka sa setPackage da com.whatsapp, amma fa 'yan kasuwa da yawa WhatsApp Business ne a wayarsu, sunansa com.whatsapp.w4b, ka duba duka biyun, in babu ko ɗaya ka koma jerin gama-gari. Daga Android 11 sai ka rubuta sunayen nan a queries cikin Manifest kafin manhajarka ta iya ganin ko an saka su.

Facebook tana watsar da rubutun da ka cika wa mutum, linki ko hoto kawai take ɗauka, dokarsu ce ba matsalar kod ɗinka ba. Shi ya sa ni nake zana farashi da sunan shago a jikin hoton kansa, tsaye 1080 da 1920 yadda zai cika sitatus, in matse shi kar ya cinye wa mutane data. In ta linkin wa.me za ka tura rubutu ka bi da shi ta Uri.encode, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ da alamar & za su iya lalata saƙon.

9. Linkin da zai dawo da mutum cikin manhaja

Sharin da babu linki talla ce ta banza. Kana buƙatar domain naka, kowane kaya da shafinsa, a kan shafin ka saka og:title da og:description da og:image, hoto 1200 da 630, su ne suke fitar da ɗan akwatin nan mai hoto a WhatsApp da Facebook. Dole su kasance a cikin HTML ɗin da sabar ta aiko, in JavaScript ne yake zuba su daga baya ba za a gani ba. In ka canza hoto tsohon yana ta fitowa ka je Sharing Debugger na Facebook ka danna Scrape Again.

Don linkin ya buɗe manhaja maimakon burauza, ka ɗora assetlinks.json a foldar .well-known ta shafinka ka sa autoVerify a intent filter. Shi SHA-256 yake so, kuma na Play Store ɗin nan na uku, ka ga ya sake dawowa. iPhone nata fayil ɗin apple-app-site-association ne. Kar ka bi koyarwar Firebase Dynamic Links, an rufe shi a Agustan 2025.

10. Gwaji kafin ka saki

Gwajin da ka yi da kebul daga laftof ba ya nuna komai game da makulli na uku. Ka ɗora a Internal testing na Play Console ka sauke daga Play Store kamar kowa. In sabon asusu ne na mutum ɗaya ba na kamfani ba, dama sai ka yi gwajin da suke kira Closed testing da mutum 12 na kwana 14 kafin a bar ka ka saki, to ka yi amfani da su da kyau, ka zaɓo masu Tecno da itel da Infinix masu ƙaramin RAM, ba abokanka masu manyan wayoyi kaɗai ba, don a ƙaramar waya tsarin yana iya kashe manhajarka lokacin da mutum yake can shafin Facebook, ya dawo ya tarar an koma farko.

Ka sa wani ya gwada a wayar da Facebook Lite kaɗai ne a ciki, wani a wacce babu Facebook sam, wani da asusun da aka buɗe da lambar waya. Ka sa su danna baya a tsakiyar shiga ka ga ko abin yana ta juyawa bai tsaya ba, su kashe data bayan sun zaɓi asusu, su danna maɓallin sau uku da sauri. A ƙarshe mutum ɗaya ya tura kaya sitatus, wani da bai taɓa sauke manhajar ba ya danna linkin daga wayarsa, kana tsaye a kansa kana kallon inda zai kai shi.